Perla Biyu a Gida Ɗaya

Jagoda ta haɗu da Eliasz a wata rumfa a unguwar Kazimierz, rana ta uku ta bikin al'adun Yahudawa na Krakow, hannunta dumu-dumu da ƙullun fulawa. Shi ke koyar da kitson burodin Shabat, ranar hutun Yahudawa. Na kowa ya yi kyau, nata kuwa kamar kaza ta yi tono.

"Kitso ne wannan, ko dambe kika yi da ƙullun?" in ji shi, yana danne dariya.

"Ka bi ni a hankali," ta ce. "Shekarata biyu kacal da sanin ni Bayahudiya ce."

Ya haɗiye dariyar, ya jawo kujera kusa da ita.

Gaskiya ta faɗa. Kakarta ta wajen uwa ta yi shekara saba'in tana amsa sunan Halina, tana zuwa coci, tun da aka ɗora mata sunan a lokacin yaƙi don ta tsira daga masu kashe Yahudawa. Sai da ciwon ajali ya kwantar da ita ta riƙe hannun Jagoda ta ce, "Sunana Perla." Ko 'yar da ta haifa ba ta taɓa ji ba. Tun daga ranar Jagoda take a ruɗe, ta je coci ta ji baƙuwa ce, ta je majami'ar Yahudawa ta rasa shafin da ake karantawa. Abu ɗaya ta yi da ba ta kokwantonsa: ta je gaban rabbi, malamin Yahudawa, ta ɗauki sunan kakarta a matsayin sunan addini.

Kafin sanyi ya shigo soyayya ta yi nisa. Kullum da safe sai saƙonsa ya faɗo da sunan tsokanar da ya laƙaba mata: "'Yar kwaɗona, kin karya kuwa? Na ajiye miki burodi, wanda bai sha dambe ba."

Da ta gaya masa sunanta na addini, har tafi ya yi. "Ai sunan Mama ke nan. Kin gama da ita tun kafin ku gaisa."

Sakarai, shi ma rabin al'adar ya sani.

Ranar wata Juma'a ya kai ta gida. Mahaifiyarsa Pani Perla, wato Uwargida Perla, ta tarbe ta hannu bibbiyu, tana zuba mata romon kaza tana cewa ta rame. Sai Eliasz ya washe baki ya ce, "Mama, ga takwararki."

Ludayin ya tsaya a sama.

"Da wane suna za a rubuta takardar auren?"

"Perla," in ji Jagoda.

"To babu aure. A gidanmu namiji ba ya auren mai sunan uwarsa, uwar tana da rai. So kake ka kira matarka in amsa, ko so kake a binne ni da wuri?"

Jagoda ta kalli Eliasz, shi kuma ya kalli romo.

Daga nan ta shiga tambaya, ta tambayi mutum uku ta samu amsa huɗu. Rabbi ya ce al'ada ce, ba doka ba. Wata tsohuwa ta ce ta san gidan da aka yi haka, uwar miji ba ta kai shekara ba. Mahaifiyar Jagoda ta ce, "Ni kada ki tambaye ni, ina ce sunanki Jagoda na raɗa miki?" Eliasz ya zo da mafita yana murna: an ce in ta ƙara wani suna a gaban Perla, magana ta ƙare.

"An taɓa ɗora wa kakata wani suna a kan nata," ta ce. "Ba da hannuna za a sake ba."

Haka ita da Eliasz suka kai bikin shekara ta biyu ba sa ga maciji da juna. Tana raba takardun shirye-shirye a bakin titin Szeroka ta hango shi ɗauke da jakar Mira, mawaƙiyar Warsaw da mahaifiyarsa ke ta yabo. Zuciyarta ta yi baƙi ƙirin. Ta rubuta: "Allah ya sanya alheri. Ita dai sunanta bai ci karo da na kowa ba."

Amsa ta zo nan take: "Aikena aka yi, wallahi. Ke nake so, 'yar kwaɗona. Na gaya wa Mama abin da kika ce a kan kakarki, ga ta nan zuwa wajenki. Ni ma ban gane ba."

Ta ɗaga kai, sai ga Pani Perla da lema a hannu.

"Ita kakar taki, yaya ta faɗi sunan?"

"A hankali," in ji Jagoda. "Tana faɗa tana duban ƙofa. A asibiti fa, Pani Perla, tana da shekara tamanin da tara."

Tsohuwar ta daɗe tana kallon masu rawa a tsakiyar titi.

"Ni tun ina cikin zani ake ƙwala mini nawa daga bene," ta ce. "Na ci moriyarsa. Ni zan ƙara suna, ke bar naki yadda yake. Daga gobe Bajla Perla nake. Wallahi sunan bai yi mini ba, kuma ke kika ja."

Jagoda ta rasa ta yi dariya ko ta yi kuka, sai ta haɗa duka biyu a kafaɗar matar.

An ɗaura auren a farfajiyar majami'a, ƙarƙashin rumfar aure, masu goge da sarewa na jira a gefe. Da rabbi ya zo sunan amarya a takardar, surukarta ta katse shi. "Ɗaga murya, na baya ba su ji ba."

Ya maimaita da ƙarfi, har na kan titi suka juyo. Mahaifiyar Jagoda, wadda ba ta taɓa kiran uwarta da sunanta na gaskiya ba, ta motsa leɓe ta faɗa tare da shi. Eliasz ya taka kofin gilas ya fashe kamar yadda al'ada take, jama'a suka ɗauki "Mazal tov", ana roƙa musu zaman lafiya da zuri'a mai albarka.