Matar da Saaka Ya Gayyata Suna

Gab da magariba Saaka ya ɗauki jakar kayansa ya nufi shagon wanki na kan titin Wendover, a garin Greensboro. Ba don yana so ba ne. Mma Assibi, gwaggon matarsa Safia da ta zo yi mata wankan jego, ita ta rantse kayan jirgi ba za su kwana ɗaki ɗaya da jaririya ba sai sun ga ruwa da sabulu. Mutumin da ya ƙare ƙuruciyarsa yana wanke zannuwan gadon Turawa, shi aka kora ya je ya koyo tsafta. Bai yi musu ba, don ko ƙarfin musun ba shi da shi.

Tsohuwar kuma tana da gaskiya. Jirgin ruwan da yake wa aiki irin manyan nan ne na 'yan yawon shaƙatawa, masu tashi daga Florida su zaga tsibirai su dawo, kuma a tafiyarsa ta ƙarshe cutar amai da gudawa ta ɓarke a ciki. Aka rufe wurin cin abinci, aka hana gaisawa da hannu, aka tsare fasinjoji a ɗakunansu. Duk ƙazantar kuwa ƙasa take gangarowa, wurin su Saaka, ɗakin wanki da ke can cikin cikin jirgi inda babu taga. Umarni ya zo a dafa komai da ruwa mafi zafi, a zuba bilic mai kashe ƙwayoyin cuta. Injuna ba su huta ba, mutane ma haka.

A ɗakin akwai wani famfo. Idan jirgi ya yi nisa da gaɓa sai a murɗa shi, ruwan wanki ya fita teku da zafinsa. Saaka ke murɗawa. Tun yana yaro a zangon Kumasi kakarsa ta koya masa ba a zubar da ruwan zafi sai an yi bisimilla an ce a kauce, saboda akwai waɗanda ido ba ya gani, su ma da 'ya'yansu. Shekara da shekaru yana faɗar haka a bakin famfon, abokan aikinsa 'yan Filifin suna masa dariya.

Yanzu dai ya sauka, ya ce shi da teku har abada. An yi masa alkawarin aiki a wani sito nan Greensboro. Zai riƙa kwana a gida, ya ga girman 'yarsa da idonsa, kuma jibi ne suna.

Shagon babu kowa, mai tsaron wurin ma ta fita shan taba. Fitila ɗaya a sama tana ta ƙyaftawa. Ya zuba kaya a inji, ya saka kwabbai, ya zauna kan kujerar roba ya jingina kai da bango. A waje motoci na ta wucewa. Barci ya fara fizgarsa.

Sallama ce ta tashe shi, cikakkiya, da muryar mace.

Tana zaune a kujerar da ke fuskantarsa, doguwa, da goyo a baya an lulluɓe shi da zane. Ta gaishe shi da Hausa, ta tambayi gajiya, ta tambayi mai jego. Duk wanda ya zauna a ƙasar nan ya san abin da Hausa ke yi wa mutum idan ya ji ta ba zato: kafin ka san sunan mai magana ka riga ka mai da shi ɗan'uwa. Saaka bai tsaya tunanin inda ta san matarsa ta haihu ba. Ya ɗauka matar wani ɗalibin jami'a ce da ta ji labari a masallaci. Ya yi abin da kowane ɗan zango zai yi.

"Jibi ne suna, Hajiya. Don Allah ki zo. Benen da muke haya na bayan gidan man nan, hawa na biyu, ƙofar ƙarshe. Gidanki ne."

"Ka gayyace ni ke nan," ta ce a hankali.

"Ƙwarai kuwa."

"To, na amsa."

Sai a lokacin ya ji warin. Ba na sabulu ba ne. Ƙarnin gishiri ne da ciyawar ruwa, irin wanda ke tasowa idan an buɗe tankin gindin jirgi. Greensboro kuwa sai ka yi rabin wuni a mota kafin ka ga teku. Ya dubi ƙasa. Ruwa na ɗiga daga bakin zanenta, ya taru, yana gangarowa wajen takalminsa.

Injin wankin ya tsaya da kansa. Shagon ya yi tsit.

Ta ce ta daɗe da sanin muryarsa. Yaransu na son bin gindin jirgi saboda ɗumin injuna, kuma duk lokacin da suka ji muryarsa ta biyo bututu sai su kwashe su. Shi kaɗai ke faɗa musu a duk jirgin.

"Ranar nan ba mu ji ka ba."

Ya tuna. Yammacin da shi ma cutar ta kama shi ne. Ya murɗa famfon ya ruga ya yi amai. Ya ji wata ƙara a cikin bututun, ya ce ƙarfe ne.

Ta kwance goyon ta juyo da shi.

Bayan yaron duk ya saluɓe, fari fat kamar dafaffen kifi. Idanunsa a buɗe, ba sa ƙiftawa. Yana numfashi, kowane numfashi da 'yar ƙara siririya.

"Bai mutu ba," ta ce. "Mu ba ma saurin mutuwa. Amma tun ranar bai runtsa ba. Ni ma haka."

Saaka ya kama Ayatul Kursiyyu, harshensa ya yi nauyi. Ya kakare a tsakiya. Matar ta ɗora masa daga inda ya tsaya, ta kai ayar har ƙarshe, babu kuskure ko ɗaya.

Tsoro irin wanda bai taɓa ji ba ya rufe shi.

"Turawan ba su sani ba, ba mu riƙe su da komai ba. Kai ka sani. An ce ka bar aiki. Wa ke bakin famfon yanzu? Ina da sauran 'ya'ya."



Ta mai da goyon baya ta ɗaure. Ta yi magana kamar mai hirar maƙwabta.

"Ina jin tukunyar jego na tafasa a gidanka safe da yamma. Tsohuwar kuwa hannunta rawa yake yi. Ko ka koma gidana, teku, ko ni in zo naka. Kai ka ce gidanka gidana ne."

Fitilar ta ƙyafta. Kujerar ba kowa, sai ruwa.

Ya bar kayan ya fita da gudu, ya tsallaka titi motoci na masa ham. Matattakalar gidansu a jiƙe take. Sawun ƙafa ne, babu takalmi, yana hawa a gabansa.

Ya banka ƙofa.

Mma Assibi ba ta yarda da zafin ruwan famfo ba, a tukunya take tafasa na jego. Ga ta nan ta fito daga kicin da tukunyar a hannu biyu, tururi na tashi. Jaririyar na kwance kan tabarma a tsakar falo. Tsakaninsu ruwa ne kwance a ƙasa, mai ƙarnin gishiri.

Ƙafar tsohuwar ta zame.

Tukunyar ta karkata.

"Zan koma," Saaka ya ce. "Na ce zan koma."

Tukunyar ta tsaya cak a karkace, kamar wani ya tallafe ta daga ƙasa. Ɗigo ɗaya ya faɗi kan tabarma kusa da kunnen jaririyar. Sannan ta miƙe a hankali. Mma Assibi ta dire ta, ta zauna a ƙasa tana salati. Ta dubi ruwan, ta dubi Saaka, ba ta tambaye shi komai ba.

An yi suna lafiya, yarinya ta ci sunan Jidda. Washegari ya je wayar bakin titi ya kira kamfanin jirgin ya ce yana nan dawowa. Safia ta yi kuka, ta ce ashe teku ta fi masa su. Ya ce mata aikin siton ne ya faskara, ya bar ta a haka. Mma Assibi ce ta haɗa masa jaka.

Kafin ƙarshen shekarun 1990 aka canza shi zuwa wani sabon jirgi. A can babu famfon murɗawa, na'ura ce ke buɗe bututun da kanta a lokacin da ta ga dama. Saaka ya koyi gane ƙarar injin da ke tura ruwan, ko barci yake yi sai ya zabura ya faɗi abin da zai faɗa. Barcinsa ya zama guntu-guntu, ya rame, furfura ta fito masa kafin lokacinta.

Jidda kuwa ta tashi lafiya lau, ko tabon ƙuna babu a jikinta. Wani hutu da ya zo, ta ɓuya bayan uwarta tana leƙensa, ta tambaya da Turanci ko wane ne wannan. Safia ta ce babanta ne. Yarinyar ta ce to me ya sa ba ya zama da su. Saaka ya buɗe baki zai yi bayani, sai ya ji gajiya ta danne shi. Ya miƙa mata 'yar tsanar da ya sayo mata, ya ce ta kawo masa ruwa ya sha.