Sojan da Ya Tsaga Haƙorinsa

Ranar da ya fara shigowa ɗakin duba haƙora, sai da ya leƙa bayan labule kafin ya zauna. Likitar ta danne dariyarta. Da ta haska bakinsa, ta ga haƙori ɗaya ya tsage.

"Malam, dutse kake taunawa?"

"Aiki ne, likita."

"Wane aiki?"

"Na ofis," ya ce, yana murmushi.

Sau uku ya dawo, alhali an gama gyara tun zuwan farko. A na huɗu ya nemi lambarta. Ranar har da rawa ta taka a gaban madubi.

Da maganar aure ta taso, Babanta ne ya ƙi. "Mutumin da na yi wa tambaya biyar ya amsa rabin ɗaya? Ba da 'yata ba!"

Ana cikin haka ya ɓace, sati uku wayarsa a kashe. Ta yi kuka, ta yi fushi, ta goge lambarsa, ga shi kuma ta haddace ta. Wata safiya saƙo ya shigo: "Likitata, ina bakin asibiti. Ki fito ki yi min faɗa."

Da gudu ta sauko. Ta tarar da shi ya rame.

"A sashen leƙen asiri na soja nake," ya ce. "Wuni nake ina tace rahotanni. In na kuskure ɗaya, wasu ba za su koma gida ba. Iyakar abin da zan iya faɗa ke nan. Damuwar ce ta sa nake cizon haƙora har ɗaya ya tsage, na gaji da ɗaukarta ni kaɗai."

"Ban nemi sirrin aikinka ba, Sojana. Amma akwai likitan damuwa a barikinku, ko? Gobe za ka je."

"Umarni ne?"

"Umarni ne!"

Ya ƙame ya sara mata, ta fashe da dariya ga hawaye a fuska.

Ya je, bai fasa ko sau ɗaya ba. Bayan wata biyu ya koma gaban Baba tare da shugabansa, ya faɗi gaskiyar halinsa, har da ganin likitan damuwa. Baba ya daɗe yana kallonsa.

"Wanda bai ɓoye min rauninsa ba, ba zai cuce ta ba. Turo manyanka."

Daga bayan ƙofa ta yi tsalle ta rungume Mama.

Ranar ɗaurin aure Baba ya dafa kawunansu. "Allah ya ba ku kwanciyar hankali, ya yi muku albarka."

"Amin!" gidan ya ɗauka baki ɗaya.