Ranar Da Ya Mayar Da Katinta

Ranar da ya fara shigowa ɗakin sikanin, kafaɗarta ya tsaya kallo kafin fuskarta. Shi ne likitan gashin ƙashi na asibitin. Ita kuwa mai ɗaukar hoton ciki ce, shekara uku ke nan tana zaune a gefen gado, hannun dama a miƙe kan cikin masu juna biyu tun safe har la'asar, har ta kai ɗaura ɗankwali ma sai ta cije leɓe.

"Gadon ya yi miki tsawo, kujerar ta yi nisa," ya ce. Ya sauke gadon, ya jawo kujerar, ya naɗe tawul ya sa mata a ƙarƙashin gwiwar hannu. "Malama, gobe ki zo a buɗe miki kati."

Mako shida tana zuwa gashi. Kullum da hantsi saƙonsa zai shigo: "Mai kafaɗa, in kin duba mutum biyar ki tashi ki miƙe." Sai ta karanta sau goma tana laluben so a ciki, ba ta samun komai sai kafaɗa. Ga shi wani mai kantin magani ya aiko gida neman aurenta, Baba na jiran amsarta.

"Ke dai kin faɗa," in ji yayarta. "Amma kada ki ga hadari ki zubar da ruwan randa."

Kwatsam wata Litinin aka ce mata ya mayar da katinta wajen wata dattijuwar abokiyar aikinsa. Saƙo ya ɗauke. In sun haɗu a baranda sai gaisuwa, ya sunkuyar da kai ya wuce. Laifi ta yi? Ko ya gano abin da ke ranta ne ya guje ta? Ta rasa inda za ta sa kanta, har ta yanke za ta ce wa Baba ta amince da mai magani.

Ranar sallama, dattijuwar na murza mata kafaɗa ta ga hawaye.

"Zafi ne, 'yata?"

"Mama, me na yi masa ya kore ni?"

Matar ta yi dariya har da riƙe ƙugu. "A aikinmu ba a neman auren wadda ake yi wa magani. Shi ya sa ya miƙo mini katinki. Kullum sai ya tambaye ni yaushe zan sallame ki, ya hana ni sakat."

Ko ƙofa ba ta kai ba wayarta ta yi ƙara: "An ce kin warke, sanyin idona. Yanzu ina da damar tambaya: zan iya zuwa gaida Baba?"

Ta rubuta: "Saura ƙiris ka zo ɗaurin aurena da wani."

Baba da fari ya ƙi. "Mutumin da ya kasa ƙarasa kafaɗa ɗaya ne zan ba 'yata sukutum?" Sai da ta zauna ta warware masa dalili. Sannan ya ce wanda ya iya danne zuciyarsa don amanar aiki, zai riƙe ta aure.

Ranar da aka ɗaura auren, Baba ya dafa kanta.

"Ya jira ki, ya biyo ta ƙofar da ta dace, 'yata. Allah Ya ba ku zaman lafiya, Ya sa ku tsufa tare."