Bakin da Lutfu Ya Ƙi Saya

"Wallahi Inna ba zan iya ba! Ni da bakina nake cin abinci, a ce in yi tsit kamar an ɗinke ni?"

Zuhal ce ke wannan faɗa a ɗakin girki, tana dangwara kofunan shayi a kan faranti. Mahaifiyarta, Inna Hanife, wadda ta zo taya ta girkin baƙi, ko ɗagowa ba ta yi ba.

"Fasa kofin ki gani. Ni na yi wa kakanki shiru, ban mutu ba. Surukin nan naki dama nema yake ya ce ba ki da tarbiyya, ke kuma za ki miƙa masa sandar dukanki? Ki daure. Kafin shayin farko ya huce zai sayi bakinki."

Haka muka tashi muka tarar a garinmu Erzurum: amarya ba ta ɗaga murya a gaban uban mijinta. Takan ja gefen ɗankwali ta rufe baki, in magana ta kama sai ta raɗa wa wata mace a kunne, har ranar da zai kira ta 'yarsa ya ce ta yi magana. Ranar ce ya karɓe ta. Yawancin gidaje yanzu a zaman farko ake gamawa, ana dariya ana miƙa awarwaro.

To amma Zuhal fa! Yarinyar da aikinta kenan, da safe ta zaga da baƙi tsohon gari tana zuba musu tarihi, da rana ta hau dutsen Palandoken tana koya musu zamiya a kan ƙanƙara. A can ma ta haɗu da Bahadir. Ya zo daga birnin Izmir da abokansa yana cika baki, ya kife a gabanta ƙafa sama. Ta ɗaga shi tana dariya, shi kuwa bai sake tashi daga sonta ba. Ya aure ta ya zauna a garinmu. Ubansa Lutfu, wanda a unguwarmu aka yanke masa cibi amma ya gudu Izmir tun yana saurayi, ya rantse ba zai taka bikin ba, kuma bai taka ba. Sai ga shi yanzu da tsakiyar sanyi ya aiko wai shi da matarsa Mualla za su zo yawon buɗe ido. Buɗe ido a garin da aka haife ka! Kowa ya san biri ya yi kama da mutum.

Da tasi ta sauke su, Zuhal ta fito da ɗankwali a baki, ta sunkuya za ta sumbaci hannunsa ta kai goshi. Tsohon ya zura hannun cikin aljihun kwat ɗinsa.

"Bahadir, kai da wa kake zaune a nan? Ban ga kowa ba."

"Haba Baba! Ga Zuhal..."

"Sanyi nake ji. A ba ni shayi."

Ya sha kofi na farko, ya sha na biyu, ya sha har butar ta ƙare. Yana cewa shi ya manta da wannan gari da ƙauyancinsa, amma yana gutsurar sukari ya maƙale a kunci yana kurɓar shayi a kai, irin shanmu na nan sak. Ya san al'adar sarai, ya san abin da yarinyar ke tsaye tana jira. Da gangan ya bar ta.

Washegari aka fita zaga gari. Ni dai ban taɓa ganin wulaƙanci mai ban dariya irin wannan ba. A gaban tsohuwar makarantar nan mai hasumiya biyu, Zuhal ta manna baki a kunnen Mualla ta raɗa mata labarin ginin tun daga tushe, da sassaƙar da ke jikin ƙofa, da yadda ɗalibai suke kwana a ɗakunan. Mualla, baiwar Allah mai sanyin hali da ciwon gwiwa, ta saurara har ƙarshe, sannan ta juya wurin mijinta.

"Ta ce tsoho ne."

Suka hau ganuwa. Wata doguwar raɗar.

"Ta ce shi ma tsoho ne."

"To wannan ce jagorar da ake biya?" in ji Lutfu yana dariyar ƙeta. "Ai gara a ɗauki kurma."

Zuhal ta ciji ɗankwalinta har sai da ya huje. A kasuwar masu carbin baƙin dutse, 'yan kasuwar da suka saba jin muryarta tun daga bakin ƙofa suka bi ta da ido. Wani dattijo a cikinsu ya ce, "Yallaɓai, ba ka sayi bakin 'yarmu ba har yanzu? Ga awarwaro nan kusa." Lutfu ya yi kamar da bango ake.

Abin bai kai maƙura ba sai a kan dutse. Sun hau keken igiya har sama, suka zauna a rumfar shayi suna kallon masu zamiya. Wani yaro cikin ɗalibanta ya taho a guje ba birki, ya nufi shinge. Zuhal ta miƙe, ta buɗe baki, ta tuna, ta haɗiye, ta ruga da ƙafa ta tare shi da jikinta. Ta dawo duk ƙanƙara a kanta, tana ɗingishi, ta ɗauki buta ta ci gaba da zuba wa surukinta shayi. A lokacin ne ya ga damar yin maganarsa.

"Bahadir, wasa ya ƙare. Ga shagona can Izmir ba mai tsayawa. Ga 'yar abokina Rifat, mai hankali, mai zaman gida. Jibi zan koma, kuma da kai zan koma. Wannan mai birgima a gaban maza, ka bar wa dutsenta."

Yana faɗa yana miƙa mata kofi ta cika! A gabanta, don ya san ba ta da bakin ramawa. Zuhal ta dubi mijinta. Bahadir ya sunkuyar da kai yana juya cokali.

"Baba, don Allah mu bar zancen nan, mutane na ji."

Iyakar abin da ya iya cewa kenan.

Suna isa gida, baƙi suka shiga ɗaki su huta, ta ja shi ɗakin girki ta rufo ƙofa. Ko faɗan ma da raɗa ta yi shi, hawaye na zuba.

"Mutane na ji? Mutane na ji! Abin da ya dame ka kenan? Ana yi maka tallan mata a kan kaina, kai kana wasa da cokali?"

"Sori mana Zuhal, ubana ne fa..."

"Riƙe sorinka! Ni aka ɗaure wa baki, kai wa ya ɗaure naka?"

"To ki yi magana kawai! Wa ke bin wannan tsohon yayi yanzu? Ki buɗe baki ki huta."

"In buɗe ya ce ka gani, ba ta da kunya? In zubar da mutuncin Inna a unguwa? Wallahi ba zan ba shi wannan daɗin ba. Da bakinsa zai kira ni 'yarsa, ko kuwa ka bi shi Izmir ka auri mai hankalin. Fita mini!"

Ya fita sumui-sumui. Inna Hanife, wadda ke gefe tana tankaɗe tana jin komai, ta karkaɗe hannu ta yi ajiyar zuciya.

"Abin da ke ba ni mamaki, a ce ɗan Nazmiye ne ke yin haka."

"Me ya sami Nazmiye?"

"Ina yarinya aka yi. Kakan Lutfu bai so aurenta ba, ya ƙi sayen bakinta har ta haifi 'ya'ya. Wani sanyi mijinta ya tafi ci-rani, ciwon ciki ya kama ta. Ba mace a gidan da za ta raɗa wa, tsohon kuma yana zaune gindin murhu, ita ba ta isa ta ce masa a kai ta asibiti ba. Ta yi ta nuni da hannu, yana kawar da kai. Kafin maƙwabta su farga, mai afkuwa ta afku. Lutfu na dawowa daga makaranta ya tarar ana wanka. Shi ya sa ya tofa wa garin nan yawu ya tafi."

Kuna tsammani tausayi ne ya kama Zuhal? Ina! Wuta aka ƙara wa fetur.

"Au! Ashe ya san ɗacinta? Ya san ɗacinta shi ne yake ɗura mini?"

Da safe ana karin kumallo Bahadir ya ajiye burodinsa. Ya dubi ubansa ya faɗa.

"Baba, jiya na ji kunyar kaina. Ba zan bi ka ba. Zuhal matata ce, ko ka kira ta 'yarka ko kar ka kira. Shago kuma Allah ya kawo mai tsayawa."

Lutfu ya buga tebur har zuma ta kife.

"To ka nemi wani uban! Mualla, haɗa kaya!"

Ya figi kwat ya fice, ko safar hannu bai ɗauka ba. Bahadir ya yunƙura zai bi shi, uwar ta riƙe masa riga.

"In ya gan ka sai ya ƙara hawa. Maƙabarta ya nufa, ni na sani. Kabarin uwarsa ne ya kawo shi garin nan, girman kai ne ya hana shi faɗa." Ta dubi Zuhal. "'Yar nan, gwiwata ba za ta kai ni ba. Na san bai cancanta ba, amma hawan jini gare shi."

Zuhal ta daɗe tsaye tana huci. Sannan ta ja takalmanta ta fita, tana tafe tana zaginsa a zuci.

Dusar ƙanƙara ta kwana tana zuba, maƙabartar ta zama fili ɗaya fari fat, sai kawunan duwatsu. Ta hango shi can tsakiya, ya nutse har gwiwa, yana share dutse da tafin hannu, ya karanta suna, ya yi tsaki, ya matsa na gaba. Wurin ya faɗaɗa tun bayan tafiyarsa, itacen da ya sani ma an sare. Yatsunsa sun fashe suna jini. Da ya gan ta sai ya daka mata tsawa.

"Me kika zo yi? Kallo? Koma!"

Ba ta koma ba. Ta wuce shi, ta gangara wajen tsohuwar katanga, ta durƙusa gaban wani ɗan gajeren dutse da ya karkace, ta share shi da hannun rigarta. Ta san wurin kamar tafin hannunta. Ranar ɗaurin aurensu, da ba ko mutum ɗaya daga dangin ango, nan Bahadir ya kawo ta da kayan amarcinta ta gaida kakarsa, kuma tun daga ranar ba ta daina zuwa ba.

Lutfu ya ƙaraso yana haki. Ya ga sunan uwarsa, haruffan an sake bin su da sabon fenti. Ya zube a gaban dutsen.

"Wa ya yi wannan?"

Shiru.

"Tambayarki nake! Wa ke kula da ita? Ke ce?"

Zuhal ta tsaya a kansa, ɗankwali a baki, idanu jawur, tana dubansa. Ya ɗago ya dube ta, ya dubi dutsen, ya sake dubanta. Mace tsaye da magana cike da ciki, da tsoho zaune ya hana ta fita. Ya san wannan tsayuwar, a gidansu ya taso yana ganinta. Sai ya ɗora hannu a ka.

"Innalillahi! Na zama kakana. Inna, na zama shi!" Ya fashe da kuka irin na yara. "Yi magana. Don Allah yi magana."

Ko motsi ba ta yi ba. Ba haka ake faɗa ba, kuma ya sani.

"Yi magana... 'yata."

Ta sauke ɗankwalin. Wanda duk ya zaci godiya za ta yi bai san Zuhal ba.

"Baba, ka zalunce ni! Na miƙo hannu ka ɓoye naka. Ka kira ni kurma a gaban mutanen da ke girmama ni. Ka yi wa mijina tallan wata ina zuba maka shayi! Me na yi maka? Ni na kashe ta? Garin ne ya yi maka laifi ko ni? Na yi shiru don in girmama ka, kai kuma ka mai da shirun nawa bulala!"

Ta tsaya tana share ido, don ta san ta wuce gona da iri. Tsohon ya kama dutsen da hannunsa mai jini, ya girgiza kai.

"Kar ki tsaya. Ɗaga murya, 'yata, ɗaga sosai. Ita ba ta taɓa samu ta faɗa ba, bari ta ji."

Ta faɗi sauran, har hankaki suka tashi daga kan katanga. Da ta gama ya miƙo mata hannun, ta sumbata ta kai goshi, suka yi wa Nazmiye addu'a tare, ita ke ja da ƙarfi yana amin.

Lutfu bai koma jibin ba, kuma Bahadir yana nan tare da matarsa har yau. Ku 'yan mata, haƙuri ba wauta ba ne, mai yin sa yana da ranarsa, in ta zo kuma ya faɗi gaskiyarsa kar ya rage. Ku kuma iyaye, ku ji tsoron Allah: ɗacin da aka shayar da ku kuna yara, ba 'yar wani ce za ta biya ba.