Ba Zan Zauna a Bencin Baya Ba

"Sake faɗa, ban ji da kyau ba."

Sabuwa ta ji sarai. So take kawai ta ga ko bakin Barnaba zai iya ɗaukar maganar nan sau biyu.

A gindin mangwaro suke tsaye, bayan rumfar da ake dafa mazarƙwaila a gonar raken su Barnaba, can gefen Nasarawan Doya. Tun daga ƙauyensu na wajen Janfalan ta hawo acaɓa, don ya ce mata a waya maganar bikinsu ce. Har da ɗan jan baki ta shafa, baiwar Allah.

Barnaba ya sosa ƙeya. Ƙato ne, shi kaɗai yake ɗaga damin rake ya aza a mota, amma yau ya kasa ɗaga ido.

"Sabuwata, ba fa ni na ce ba... Mama ce. Ta ce ki fara dawowa gidanmu ki zauna. In Allah ya kawo rabo aka ga alama, sai a je coci a sa mana albarka."

"Wace alama?"

"Ai kin gane..."

"Ban gane ba. Kira ta da sunanta."

"Ciki," ya ce, kamar mai haɗiyar ƙaya.

Dalilin ba ɓoyayye ba ne. Maza biyu Mama Tani ta haifa, Filibus da Barnaba, mijinta kuma ya rasu ya bar musu fadama. Filibus ya auri Tabita shekara tara ke nan, shiru kake ji. Baffannin yaran har sun fara zagaya fadamar da ido, suna cewa gidan da babu jika ai gonarsa ta dangi ce.

Dabarar ma ba Mama Tani ce ta ƙirƙiro ta ba. A ƙauyukan Kirista na wannan yanki kowa ya san yadda ake yi. In yarinya ta tare ba a ɗaura aure ba, dattawan ikkilisiya za su sa su a horo. A cire ta daga cikin mawaƙa, a hana su Jibin Ubangiji, su koma bencin baya kusa da ƙofa na wasu watanni. Daga nan su miƙe gaban jama'a su roƙi gafara, a karɓe su. An kafa bencin ne don wanda ya faɗi ya samu wurin tashi, amma wasu sun mayar da shi kamar maganin zazzaɓi, a runtse ido a haɗiye a wuce.

"Wata shida ne fa kawai," in ji Barnaba. "Tare za mu zauna a bencin. Ba zan bar ki ke kaɗai ba."

"Ka kyauta. Wato mu tsara zunubin, mu tsara tuban, duk a zama ɗaya."

"Haba masoyiyata..."

"Kada ka masoyiyata ni yanzu." Ta tsare shi da ido. "Kafin ka gan ni akwai wanda ya riga ka, Barnaba. Ranar da aka yi mana baftisma aka gaya mana mu masu bi amarya ce da aka yi wa baiko, Almasihu ne Angon, jiran zuwansa muke. Kai ma a ruwan nan aka tsoma ka. Wace amarya ce za ta dubi angonta ta ce, bari in ɗan ci amanarka na wata shida, na san kana da haƙuri?"

"To ni ya kike so in yi? Uwata ce."

"Ni ma ban ce ka zage ta ba. Amma ba zan zauna a bencin nan da ƙafata da shirina ba."

Ta juya. Ya biyo ta da ƙullin mazarƙwaila mai ɗumi, irin wanda yakan ajiye mata. Ba ta karɓa ba, alhali ranta na so.

A gida ta yi zaton za ta samu mai goya mata baya. Ina. Innarta tana tsinken barkono ta saurare ta har ƙarshe, sannan ta yi ajiyar zuciya.

"Ke dai kin cika taurin kai, Sabuwa. Rabin matan ƙungiyar Zumunta ta coci da kike gani da ɗaurin ɗankwali, ta bencin nan suka biyo. Wa yake tunawa yau?"

"Inna, ke ce fa kika koya min addu'a."

"Ni ce. Ni ce kuma nake ganin ƙannenki biyu a bayanki sun kai, ba mai iya matsowa sai kin matsa. Yaro mai hankali, mai sana'a, ba ya shan komai. In kika sake shi, kafin kasuwar Makarfi ta zagayo wata ta ɗauke."

Wannan ce ta soke ta, don gaskiya ce. Ta shige ɗaki ta kifa kai a kan katifa ta yi kuka mai isarta. Tana son Barnaba, so na gaske, tun ranar da ya zo taron matasa a Kudan ya rera waƙa da muryarsa mai kama da ta injin niƙa, kowa na dariya shi ko a jikinsa. Tsoron rasa shi ya kama ta sosai. Amma ko a cikin kukan ba ta ji zuciyarta ta matsa daga inda ta tsaya ba.

Da gari ya waye ta ɗaura zanenta na zuwa coci ta ce za ta je ta gaida Mama Tani. Innarta ta bi ta da kallo, ta san ba gaisuwa ce kawai ba.

Ta samu tsohuwar a tsakar gida kan tabarma. Tabita na gefe tana tankaɗen gari, Barnaba kuma yana bakin zaure yana gyaran babur ɗin da babu abin da ya same shi.

Sabuwa ta durƙusa har ƙasa.

"Mama, ina kwana?"

"Lafiya lau. Kun tashi lafiya?"

"Lafiya ƙalau. Ya ƙarfin jiki? Ya aikin rake?"

"Da godiya. Ya mutanen gidan, ya Innarki?"

"Tana gaishe ki."

"Ina amsawa. Da kayanki kika zo?"

"A'a Mama. Zuwa na yi in roƙe ki ki bari a ɗaura mana aure a gaban Allah tukuna."

Mama Tani ta gyara zama. Ba muguwar mace ba ce, a faɗi gaskiya. Ita ce mai kwana a asibiti da duk wanda ya kwanta a unguwar. Tsoro ne ya ci ta, tsoro kuma in ya tsufa a ciki yakan koma faɗa.

"Yarinya, ni na daina cinikin biri a sama. Ga ta nan," ta nuna Tabita da haɓa. "Farar riga har tana jan ƙasa, mawaƙa gaba da baya. Shekara tara ko ɓari. Wanda maciji ya sara, in ya ga tsumma gudu yake yi."

Hannun Tabita ya tsaya a kan rariya. Ba ta ɗago ba. Da gani ta saba.

Ran Sabuwa ya ɓaci, amma ba ta tashi daga durƙuson ba.

"Mama, ki gafarce ni. Anti Tabita ba maciji ba ce. Ita ke dafa miki, ita ke wanke miki ƙafa in ta kumbura."

"Au, wa'azi kika zo yi min? Tun ba a haifi uwarki ba nake Zumunta."

"Shi ya sa na zo wurinki. Ku kuka koya mana Angonmu yana son amaryarsa da tsarki, ba tabo. Ban ce na fi kowa ba, ni ma mai zunubi ce. In na faɗi, na san zai ɗaga ni. Amma in haƙa ramin da hannuna, in auna zurfinsa, sannan in faɗa... wannan kam ba zan iya ba."

"To sai ki nemi wani gidan."

Sai ga muryar da ba wanda ya zata.

"Mama, ina da tambaya."

Tabita ce. Ta ajiye rariyar, ta kakkaɓe garin hannunta.

"In ta zo ta zauna, wata shida ya wuce, shekara ta wuce, babu komai. Sai yaya?"

"Wa ya sa da ke?"

"Ba kowa. Amma ni ce na san yadda shekara take wucewa babu komai. Sai yaya, Mama?"

"Sai kowa ya kama gabansa mana," in ji tsohuwar. "Ai ba a ɗaura ba."

Tabita ta juya wajen zaure.

"Ƙanena, ka ji ko? Ba matar aure ba, ba budurwa ba, ba bazawara ba. Da wane suna za ka mayar da ita gidan ubanta? Da haka yayanka ya yi min, yau ina nake?"

Sifanar da ke hannun Barnaba ta faɗi ƙasa. Abin kunya, bai taɓa yi wa kansa wannan tambayar ba. Shi dai lissafinsa ya tsaya a kan ciki zai zo, a sha biki. Ya buɗe baki, ya dubi uwarsa, ya rufe.

Sabuwa ta jira shi. Ta ba shi lokaci har ya yi yawa. Da ta ga shirun ba mai ƙarewa ba ne, sai ta miƙe.

"Mama, na bar ku lafiya. Kayan baiko, Baba zai aiko da su."

Ta wuce ta gabansa ba ta kalle shi ba. Sai da acaɓa ya hau titi sannan ta bar hawayen suka zubo, iska na kwashe su.

Sati ya zagayo babu kira. Innarta ta daina yi mata magana sai da dalili. Ranar Lahadi ta tsaya cikin mawaƙa ta yi waƙa, ƙawaye na satar kallonta, don labari ya riga ya zaga.

Ana tashi daga sujada ta fito, sai ga shi a gindin darbejiya, ya rame kamar wanda ya yi jinya.

"Me ya kawo ka?"

"Daga wurin Fastonmu nake. Na ce a fara sanarwar aurenmu... in kin yarda. Na gaya masa abin da na nema a wurinki ma, ban ɓoye ba. Ya wanke ni tas."

"Mama fa?"

"Ta ce ba da ita ba. Na durƙusa na ba ta haƙuri, na ce zan yi mata komai har ƙarshen raina, ban da wannan."

Sabuwa ta dube shi ido cikin ido. Ba ta sassauta ba.

"In ban haihu ba fa, Barnaba? Kada ka ce min ai zan haihu. Ba ka sani ba, ni ma ban sani ba."

"In ba ki haihu ba, zan ji zafi. Ba zan yi miki ƙarya ba." Ya matso kusa da ita. "Amma a satin nan na zauna na lura da Yaya Filibus. Ko fura ba ya sha sai Anti Tabita ta zauna kusa da shi. Na tambaye shi ko ya taɓa nadama, ya kusa marina. Ke nake so, Sabuwata. Ba gwajinki nake so ba. Ki yafe min."

"Ka daɗe ba ka faɗa ba," ta ce, sai kuka ya ƙwace mata, a gaban mutane, ba ta damu ba.

Bayan an gama saran rake aka ɗaura auren a cocin su Sabuwa. Tabita ce ta riƙe mata jelar farar riga. Kujerar uwar ango na gaba, an ɗora mata sabon matashi, har aka yi addu'ar rufewa ba wanda ya zauna a kai. Barnaba ya yi ta waiwayen ƙofa, idonsa ja.

Da suka fito, ana guɗa ana watsa musu alewa, sai Sabuwa ta hango ta. Mama Tani na tsaye can nesa bakin hanya, cikin zanen Zumunta, ta harɗe hannu. Ta zo, amma ta ƙi shiga.

Sabuwa ta saki hannun mijinta, ta tattare rigar, ta taka har gabanta ta durƙusa, da farar rigar da komai, a cikin ƙasa.

"Mama, sannu da zuwa."

"Ba wurinki na zo ba. Ɗana na zo gani." Tsohuwar ta dube ta. "Kin yi nasara, ko? To ina nan ina zuba ido."

"Ki zuba, Mama. Abin da Allah ya ba mu, tare za mu karɓa." Ta ɗago kai, hawaye na bin kumatunta. "Amma da ciki ko babu ciki, ni ba mai komawa ba ce. Gobe da safe ni zan kawo miki kunu."