Randar da Ba Ta da Baki

Magariba ta kawo jiki a Haɗeja, Malam Yunusa na tsugune yana alwala, sai dutse ya faɗo tsakar gida. Ya ɗauka yaran maƙwabta ne, har ya buɗe baki zai yi faɗa. Da ya ɗaga dutsen sai ya ji shi a jiƙe, da baƙar laka irin ta bakin kogi, alhali ana tsakiyar rani. Na biyu ya faɗo a ƙofar ɗakin 'yarsa.

Su biyu ne a gidan, shi da 'yar tasa Ummussalma. Matarsa Safara'u, ambaliya ce ta tafi da ita a ƙauyensu na fadama, ita da ɗakinta da wayar da hotunanta ke ciki. Ko gawa ba a samu ba. Allah sarki, mutumin nan bai da ko tsinken da zai nuna ya ce nata ne.

Da suka dawo gari, Ummussalma ta shiga koyon ƙera abubuwa a kwamfuta, irin wanda ake juya abu a ga gabansa da bayansa. Malaminsu ya ce kowa ya fara da kayan gida, kofi ko buta ko kujera. Yunusa kan zauna bayanta da yamma yana dariyar kofunanta masu karkataccen hannu, ita kuma ta danna wani maɓalli su ɓace. Wata rana ya leƙa, dariyar ta maƙale masa. Randar Safara'u ce. Ga jan yumɓun, ga tsagin nan na wuya, ga inda hannun Safara'u ya goge har ya yi santsi. Yarinyar ta sa mata haske da inuwa kamar na hantsi a rumfarsu ta da. Sai dai ba ta da baki, samanta a toshe yake, don ba su kai darasin rarake ciki ba. Tun ranar kullum sai ya ce, “Ummu, juya min ita in gani.”

To, a ranar da ya fara ganin randar ne jifa ya fara, kuma bai tsaya a jifa ba. Duk magariba sai a ji ana ƙwanƙwasa wani abu kamar tukunya, a hankali, kamar baƙo mai kunya. Ummussalma ta daina cin abinci. Ta kan zauna gaban kwamfutar tana zagaya yatsa a saman randar, ba ta ƙiftawa. Ranar da ya taɓa kafaɗarta ta juyo ta ce masa da muryar tsoho, “Ina ƙofar?” ko takalmi bai tsaya sawa ba, ya tafi ɗauko Malam Zarami.

Malam Zarami dattijo ne masanin ruƙiyya, ba ya gaggawa. Ya zauna a tabarma ya fara karatu. Gidan ya yi tsit, har kajin maƙwabta. Can yarinyar ta sandare, ta yi wani dogon nishi.

“Wane ne kai?” in ji malamin.

“Mai gida ne ni, ba ɓarawo ba. Tun zamanin kakar Safara'u nake cikin randar nan, ban taɓa cutar da kowa ba. Ruwa ya fasa ta, na rasa wurin kwana. Yarinyar nan ta sake gina min ita, na zo da murna, na tarar ba baki. Ina zan shiga? Sai na shiga maginiyar.”

“Ka ji tsoron Allah ka fita.”

“Ta buɗe min bakin in koma ɗakina. Ba kyauta zan zauna ba. Shekara da shekaru matar nan tana sunkuyowa kaina tana magana. Muryarta na wurina.”

Sai bakin Ummussalma ya motsa, wata murya ta fito, mai taushi, da 'yar dariyar nan a ƙarshenta: “Malam, ruwan ya yi sanyi, in kawo maka?”

Wayyo. Yunusa ya ji muryar Safara'u sak. Abin da take ce masa ke nan duk ya dawo daga gona. Ya yi kuka irin wanda bai yi ba ko ranar zaman makoki.

“Duk magariba zan ba ka muryar nan,” in ji aljanin.

Malam Zarami ya dafa shi. “Malam Yunusa, ba ita ba ce, kai ma ka sani. Randar nan ba ta yumɓu ba ce, ba ta da inda za ta riƙe shi. Duk shigarsa da fitarsa ta jikin 'yarka zai bi. Zaɓi na gare ka.”

Yunusa ya dubi fuskar yarinyar, ta rame, leɓunanta sun tsattsage. Ya ja jiki zuwa kwamfutar. Bai iya komai a cikinta ba sai wannan maɓallin da ya ga tana kashe kofuna da shi. Ya daɗe yana kallon tsagin wuyan randar. Bakinsa ya so ya ce a ƙara masa muryar ko sau ɗaya, ya cije. Ya danna.

“Ni kuma ina zan nufa?” Muryar tsohon ta karye.

“Koma kogi,” in ji malamin, “ɓaraguzan ɗakinka suna can.”

Ummussalma ta yi atishawa, ta sulale. Wata iska mai warin laka ta bi ta zaure ta fita.

Da ta farfaɗo ta ga allon kwamfutar fayau, ta ga idon ubanta, ta gane. “Baba, zan iya sake ƙera ta. Na haddace ta.”

“A'a, Ummu. Ki yi buta.”

Jifa bai ƙara faɗowa gidan ba, yarinya ta warke sarai, har ta iya rarake cikin abu a kwamfuta. Shi kuwa Malam Yunusa, in magariba ta yi, sai ya tsiyayi ruwa daga jarkar roba ya zauna da kofin a hannu. Ruwan da ɗumi, kuma ba mai tambayarsa.