Saƙon da Ya Hau Allon Baba

Ai an ɗaura, 'yan uwa, an ɗaura! Malamar ajinmu na iyaye mata ta zama matar Injiniya. Ku da ba ku zuwa aji, ku matso ku ji yadda aka faro.

Ran da aka kawo majigi makarantar, Malama ta tsaya tana jujjuya igiyoyi, ta rasa wacce za ta shiga ina. Sai ga wani dogon saurayi da jaka a kafaɗa, Injiniya ke nan, shi aka turo ya koya mata haɗa wayarta da majigin, don duk abin da ke fuskar wayar ya fito a bango.

"Malama, wannan ta caji ce kike turawa a ramin sauti."

"To ai duk baƙaƙe ne," ta ce, kunya kamar ta nutse.

Ya yi dariya, ta harare shi, shi ke nan fa. Ita da son sanin abu, ba ta bar shi ya tafi ba sai da ya nuna mata yadda yake zana zuciyar mutum a kwamfuta har ta riƙa bugawa. Daga nan kullum da tambayar da za ta tura masa. Tun ana maganar darasi har magana ta canza hanya.

"Farar Allina, bidiyon gobe ya sauka a wayarki?"

"Ya sauka, Sarkin Igiyoyi. Amma me ya sa muryarka ke rawa a ciki?"

"Na tuna wadda za ta saurara ne."

Matsalar Baba ce. Baban Malama kafinta ne, kuma ya riga ya sa ido a kan ɗan abokinsa mai sayar da katako, shi yake so ya ba ta. Da ya ji zancen Injiniya ya aje zarto ya ce, "Mutumin da ba a taɓa aikinsa da hannu? Danne-dannen waya shi ne sana'a? Kada in ƙara ganinsa a ƙofar gidana." Malama ta sha kuka, don ta san Baba in ya ce a'a, ya zauna a kai.

Ana haka bangon ajin ya fara ɓarewa, hoto na fita duk ƙuraje. Shugabar makaranta ta roƙi Baba ya kafa farin allo. Ya zo da gudumarsa ya kafa. Injiniya kuwa ya laɓe a waje wajen batirin majigin, don kada su haɗu.

Baba ya tattara kaya zai fita ke nan Malama ta kunna darasi. Sai ga zuciya ƙatuwa a kan allon, tana buɗewa tana rufewa. Ya tsaya cak.

"Ke, wannan abin a ƙirjina yake?"

"Eh, Baba."

"Da 'yan ƙofofi haka? Wa ya sa musu hinji?"

Mata suka kwashe da dariya. Bai kula ba, ya ja benci ya zauna cikin masu goyo, yana ƙanƙance ido.

To ga inda aka yi ta. Malama ta manta ba ta rufe shigowar saƙo ba. Sai ji aka yi ƙililin, rubutu ya sauko a saman allon, kowane harafi kamar tafin hannu. Ta rasa ina za ta danna. Mu kuwa da aka koya wa haɗa baƙi, ai sai aji ya ɗauka baki ɗaya, a hankali:

"Farar Allina, na hango Baba ta taga yana ƙanƙance ido. Ki ja hoton da yatsu biyu ya ƙara girma don ya gani sosai. Allon nan kuwa ya zauna daram. Ko bai so ni ba, ni ina son aikinsa. Ki share kumatunki, alli ya taɓa."

Duk ido ya koma kan Baba. Malama ta rufe fuska da mayafi, a ranta ta ce yau kam an gama.

Baba ya juya wajen taga. "Kai mai leƙe, shigo."

Injiniya ya shigo ya durƙusa, gumi na zuba.

"Kana waje, ba igiya tsakaninka da allon nan. Ni na kafa shi, na san ba rami a bayansa. Ta ina rubutunka ya bi?"

"Baba, ta iska ya..."

"Kada ka ce min iska. Tashi ka nuna min."

Ranar dai ba a ƙarasa darasi ba. Washegari Baba ya aika a kira shi shago, wai akwai sauran tambaya. Jibi ma haka. Kafin a ankara Injiniya na ɗaukar hannun Baba a bidiyo yana haɗa ƙafar kujera, ana tura wa masu koyon sana'a a intanet, su kuma suna aiko da tambayoyi. Baba ya riƙa dawowa gida yana cewa, "Yau wani daga nesa ya kira ni malam."

Wata yamma Malama ta kai masa ruwa shago, ta tarar da shi da Injiniya kai a haɗe kan waya. Baba bai ko ɗago ba ya ce, "Kai Sarkin Igiyoyi, ko ba haka take ce maka ba? Ka turo manyanka. Amma saƙonku ya tsaya a aljihu, allona na karatu ne."

Kofin ya kusa suɓuce mata. Da ta koma ɗaki ta tura masa: "Ka ji da kunnenka?"

Ya amsa: "Na ji, amaryata. Kin dai tabbata an cire majigi?"

Allah Ya ba su zaman lafiya da zuri'a mai albarka. Don Allah wadda ta karanta ta tura wa sauran matan ajin, musamman masu jego da ba su samu zuwa ba.